Shekarar da Jan Tauraro Ya Yi Baya

Duk wanda ya san ni a ƙasar Ajingi ya san ba na ba da labari ba gishiri. Ni ne na taɓa gaya wa mutanen Toranke cewa na ga kabewa a Kademi wadda sai da aka yi gayya kafin a juya ta, har yau kuma akwai wani tsoho da yake bina in samo masa irinta. Amma wannan da zan faɗa ban ƙara masa komai ba.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna: ni ɗan fari, sai auta, wanda na girma nesa ba kusa ba. Kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a wajenmu. Inna ba ta kiran sunana, ba ta duban idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ko muna zaune a inuwa ɗaya, sai ta juya wajen matata ta ce, "Ki gaya wa wancan akuyarsa tana cin danga." Ni kuma in ce, "Ki gaya wa Inna na ji." Haka muke zamanmu lafiya lau. Auta kuwa ɗan lele ne. Da gemunsa da komai, ita take tsamo masa tsoka a miya.

Shi ya yi karatu, ni na yi noma da surutu. Da karatun ya yi nisa sai ya ɗaura niyyar Makka a ƙasa, cikin wani ayari da zai bi ta Barno. Wanda ya kama hanyar gabas kuwa sallamar da ake yi masa ta dabam ce. Wasu su dawo da furfura, wasu a kama su a hanya a sayar, wasu ba a ƙara jin ɗuriyarsu.

Da bazara ya tashi, da asuba, ruwa bai sauka ba tukuna. Inna ta riƙe gefen rigarsa a ƙofar gida ta ƙi saki. Ayari yana jira, jakuna suna kuka. Sai auta ya ɗaga hannu ya nuna sama.

"Inna, daina kuka, ɗaga kanki. Kin ga jan tauraron can?"

"Na gan shi."

"Shi ba ya zama wuri ɗaya cikin 'yan'uwansa. Kullum sai ya ɗan matsa gabas. To ni ma gabas ɗin na nufa. In kin yi kewata ki dube shi, ki ce ga auta can yana tafiya."

Don ta saki rigar ya faɗa, ina tsaye na ga fuskarsa. Ta kuwa saki. Amma Inna ba a gaya mata magana ta faɗi ƙasa.

Tun daga ranar, duk asubar da babu hadari, tana idar da salla za ta fito tsakar gida ta nemi tauraronta. Idonta a lokacin ya fi nawa, tana iya hango kaska a kunnen saniyar maƙwabta. Da damina ta yi nisa sai tauraron ya zo dab da Kaza, tarin ƙananan taurarin nan da ke cure wuri ɗaya kamar kaza da 'ya'yanta. Ya gifta ta gefenta ya wuce. Ran nan Inna har waina ta toya ta yi sadaka. Daga nan ta samu abin awo. Sai ta karyo sillen kara, ta miƙe hannu iya tsawonsa, ta rufe ido ɗaya, ta sa baki ɗaya a kan Kaza, ɗayan a kan jan tauraro. Bayan 'yan kwanaki karan ya gaza, ta yar, ta karyo wanda ya fi shi. Kowane sabon kara albishir ne: auta ya ƙara zango. Ni kuwa na samu abin tsokana. Nakan ce wa matata da ƙarfi, "Ki gaya wa Inna in ya kai Makka sai mun saro mata gwangwala." Inna ta yi kamar ba ta ji ba, amma ina ganin kafaɗarta tana motsi.

Muna cikin yankan gero sai kara ɗaya ya daɗe a hannunta. Kwanaki suna wucewa ba ta nemi sabo ba. Ta ce wa matata ko auta ya tsaya hutawa ne. Muka ce haka ne mana, wa zai yi ta tafiya ba hutu.

Sai wata asuba na fito zan tafi gona, na same ta a tsaye, hannu a miƙe. Ta sauke karan, ta kai shi baki, ta gatse ɗan guntu ta tofar.

Karan ne ya yi wa tazarar yawa. Tauraron ya juyo baya.

Na ɗauka idonta ne ya yi gardama. Na karyo wani kara na gwada da kaina a bayan rumbu, inda ba wanda zai gan ni. Bayan kwana kaɗan na sake gwadawa. Wallahi baya yake yi. Kuma ba wannan kaɗai ba. Da can ɗan ja ne kamar ƙwayar barkono. Yanzu ya kumbura, ya yi jawur kamar garwashin da aka hura, ya kuma daina jiran asuba. Ana idar da magariba sai ga shi ya leƙo ta kan kukar gabas, a ƙarƙashin Kaza, yana hawa wajenta. Ni da nake cewa na taɓa korar kura da hula, ran nan da na dube shi sai na shige ɗaki na ja ƙofa.

Gari ma ya ɗauka. Wasu suka ce yaƙi ne, mahara za su sake fitowa daga kudu. Wasu suka ce annoba. Amma su tsoronsu na kowa da kowa ne, ana yi ana cin tuwo. Namu a cikin gida yake.

Inna ta gaya wa matata fassararta, matata ta kawo mini tana kuka. Ta ce mai tafiya Makka ba ya juyowa da ƙafarsa. In ya juyo, to kurwarsa ce ta kamo hanyar gida, jan nan kuwa jini ne. Auta yana can kwance a wani daji, ransa yana fita a hankali. Ran da tauraron ya koma cikin Kaza, ɗa ya koma wajen uwa ke nan, an gama. Ta ce a nemi farin ƙyalle a ajiye, don ita ma ba za ta kwana bayansa ba.

Ba ta ce ta daina cin abinci ba. Abincin ne ya daina wucewa. Za ta yanko loma, ta juya ta a miya, ta kai baki, ta yi ta tauna, sannan ta juya ta zubar a hannu. Duk sanda ta gatse karan nan, sai abin da take ci ya ragu. Tuwo ya fita, aka koma fura. Fura ta fita, aka koma kunu. Munduwar da ta shekara da shekaru ba ta fita daga hannunta, wata safiya aka tsince ta a kan tabarma.

Na gwada abin da na iya. Na zauna a bakin ɗakinta ina ba matata labarin kadan da na ce ya haɗiye jaki da mangala, ya dawo washegari neman mai jakin. Labarin da ya taɓa sa mai unguwa ya ƙware da goro. Ko tari Inna ba ta yi ba. Ni ma a tsakiyar labarin na ji muryata ta zama ta wani, na yanke shi na tashi.

Matata ce ta ce, "Maigida, bar surutun nan ka tafi Gaya. An ce akwai wani tsohon malami a can da ya san ilmin taurari."

Na ɗaura wa jaki wake da ɗan man shanu, na bi 'yan kasuwa, don a shekarun nan ba a bin hanyar mutum ɗaya. Duk kututturen da na hango a daji sai da ya zama mahayi da mashi. Ban saki numfashi ba sai da muka shiga ganuwa.

Malamin ɗan siriri ne, tsoho tukuf, yana zaune a zaure a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Allah gafarta Malam, tauraro ne ya juyo mana baya."

"Ya juyo muku? Ashe naku ne? Ni da na ɗauka na Allah ne."

Na kwashe labari duka na gaya masa, na auta da na kara da na munduwa. Da na kai wajen farin ƙyalle sai ya daina murmushi.

"Tauraron nan sunansa Mirriku," in ji shi. "Ƙanenka ya karanta rabin shafi ya tafi. Taurari masu yawo, ban da rana da wata, duk suna yin haka. Su yi gaba, su tsaya, su yi baya, su sake tsayawa, su ci gaba. Tun ina saurayi nake ganin wannan yana yi. Tashi ka kwanto igiyar jakinka."

Muka fita fili. Ya ɗaura gorar alwalarsa a bakin igiyar, ya zaunar da ni a tsakiya.

"Kai ne ƙasa. Zauna, kar ka motsa. Gorar nan ita ce tauraron. Ita za ka kalla, ba ni ba."

Sai tsohon nan ya ja da baya, ya fara zagaya ni a hankali, yana wulwula gorar a saman rawaninsa. Da a wani lokaci ne da na samu labarin shekara. Amma na zuba ido. Idan gorar ta tafi can bayansa, nesa da ni, sai ta yi gaba da sauri. Idan ta zagayo ta gefena, sai in ga ta koma baya, ga ta kuma kusa, har ina jin iskarta.

Ya tsaya yana haki. "Ni na taɓa komawa baya?"

"A'a, Malam."

"Gorar fa?"

"Ta koma. Sanda ta zo kusa da ni."

"To shi ya sa ka ga ya yi girma ya yi ja. Ba jini ba ne, kusa ya zo. Hanyarsa ba miƙaƙƙiya ba ce kamar hanyar Barno. Zagaye ne a kan zagaye."

Na ji kamar an sauke mini dami daga ka. Na ce, "To yaushe zai juya?"

Ya koma kan buzu, ya share ƙasa da tafin hannu, ya yi 'yan zane-zane, ya goge, ya sake. "Ba wannan watan ba. Ba kuma farkon mai zuwa ba. Sai sanyi ya kama sosai."

Damin ya dawo kaina, har da ƙari. "Kafin nan zai kai Kaza?"

Ya ce, "Zai kusa. Ko zai taɓa ta, ban sani ba, ba kuma zan yi maka ƙarya ba. Littattafan da na karanta sun ce da'ira ce cikakkiya. Amma na daɗe ina binsa, lissafin yakan kuce mini. Wani zuwan ya cika ido, wani zuwan bai kai haka ba. Ina zaton hanyar tasa ba ta zagaye daidai kamar faifai ba, ko kuwa mu ne ba a tsakiyarta muke ba. Allah ne masani. Ka je ka gaya wa tsohuwa ta ji tsoron Allah, tauraro bai san ɗanta ba, shi ma bawa ne ana kora shi. Ka kuma lallaɓa ta ta ci."

Na dawo gida da yamma. Ban ko sha ruwa ba na sa aka fito da Inna tsakar gida, na ɗaura gora a igiya, na ce wa matata, "Ki gaya wa Inna ita ce ƙasa." Na fara zagaya ta ina wulwulawa, ina bayani da iyakar gaskiyata.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, ni ne ni. Maƙwabta suka hango gora tana yawo a saman danga, suka leƙo. Da suka ga wanda yake riƙe da igiyar sai dariya ta tashi. "Yau kuma wace aka zo da ita daga Gaya?" Ina cewa ku yi shiru, suna ƙara shewa. Hannuna ya yi gumi, igiyar ta suɓuce, gorar ta tafi ta daki tukunyar miya. Wata mata har da faɗuwa don dariya.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa matata, "Ki tambaye shi. Ɗan'uwansa yana mutuwa a daji, shi kuma abin wasa ya samu?"

An taɓa sarana da lauje, bai yi zafin wannan ba.

Na roƙi liman ya zo. Ya zauna ya gaya mata abin da malamin Gaya ya ce, ya ƙara da nasiha. Ta saurara da ladabi ta ce, "Na ji, Malam. Allah ya yafe mini." Ta karɓi kunu a gabansa ta kurɓa don girmamawa. Yana fita ta amayar.

Matata ta yi nata ƙoƙarin. Da Inna ta yi gyangyaɗi da rana, sai ta zare karan ta rage masa tsawo, don in an gwada a ga kamar tazarar ta ƙaru. Da magariba Inna ta ɗauko shi, ta shafa bakinsa da yatsa, ta ce, "Ni da haƙori nake gatsawa. Wannan yankan wuƙa ne." Ta sa aka kawo sabo ta auna, daga ranar kuma a ƙullin zaninta yake kwana.

Muka gama yankan dawa ban san yadda muka gama ba. Sanyi ya shigo. Karan da a da ya fi taƙi ya dawo tsawon yatsa, ya dawo ƙasa da haka. Inna ta daina tashi. Da magariba sai mu ɗauko ta da tabarmarta mu fito da ita, nauyinta bai fi na damin harawa ba. Tauraron yanzu ya hau sama sosai, a kwance ma take ganinsa. Ga Kaza, ga shi a gefenta, kamar shaho yana shawagi. Na tsani magariba. Da safe kuwa ba na iya shiga ɗakinta. Sai in tsaya a bakin ƙofa in kasa kunne, in na ji tari in yi hamdala. Wata safiya ban ji ba. Na daɗe a tsaye, ƙafata ta ƙi gaba ta ƙi baya, har matata ta zo ta ture ni ta shiga, ta leƙo ta ce tana numfashi.

Na sayo farin ƙyallen. Na ɓoye shi a rumbu a ƙarƙashin dawa. Na kuma je na duba inda aka binne mahaifinmu, na ga akwai wuri a gefe. Ina dawowa wani abokina ya tare ni a hanya ya ce, "Sarkin labari, yau ba ka da sabo?" Na raɓa shi na wuce gida.

Har ta kai hannunta ya daina miƙewa da kansa, ga shi kuma awon ba ya yiwuwa da hannun wani. Matata ta gwada tallafa mata, amma ita ma rawa take yi. Sai na durƙusa na riƙe gwiwar hannun. Rabona da taɓa jikin Inna tun ina yaro. Ba ta janye ba. Ƙashi ne kawai cikin fata, da sanyi.

Sai wata magariba ta auna, ba ta gatsa ba. Washegari ma haka. Tauraron ya tsaya cik, saura ɗan abin da bai kai ƙaramin yatsa ba tsakaninsa da Kaza. Waɗannan kwanakin su ne mafi muni. Malamin ya ce yana tsayawa kafin ya juya, amma ai mai shirin faɗawa rami ma yana tsayawa a baki. Inna kuwa ta ce wa matata, da muryar da sai an sa kunne, auta ne yake jiranta. Ruwa kawai take sha, shi ma da ludayi ake ɗiga mata. Na riƙa kallon abin nan har idona ya yi ruwa, ina ce masa a zuci: tafi mana, bawan Allah, me muka yi maka?

Ran da abin ya faru ban ma lura ba, don na daina duban sama, fuskarta nake duba. Na riƙe hannun, ta rufe ido ɗaya, ta daɗe. Ta sauya ido. Ta jujjuya guntun karan, ta shafa bakinsa duka biyu, ta sake ɗagawa. Sannan ta sauke. Muka mayar da ita ɗaki. Ni da matata muka dubi juna, ba wanda ya yi ƙarfin halin tambaya.

Washegari ta sake aunawa. Wannan karon ni ma na sa kaina kusa da nata na duba. Karan bai kai ba. Tsakanin bakinsa da tauraron akwai ɗan baƙin sama, siriri kamar tsinke.

Ta saki karan ya faɗi a ƙirjinta. Can ta ce, "Yarinya, akwai sauran kunun nan?"

Matata ta tashi da gudu har ta yi tuntuɓe da turmi. Kunun farko bai zauna ba, na biyu ma haka. Muka koma ba ta kaɗan-kaɗan kamar jaririya, ana sa zuma. Sau biyu muka ɗauka ta tafi duk da haka, don jikin ya riga ya manta da abinci. Ba ta tsaya da ƙafarta ba sai da zafi ya shigo, gashin kanta kuwa bai dawo ba. Amma ta tashi.

Kafin shuka wani ayari ya sauka a Gaya daga gabas. Na je na yi ta tambaya har na samu mutumin da ya ga auta a wani gari gaba da Barno, lafiyarsa ƙalau, yana koyar da yara yana tara guzuri, har ya yi ƙiba. Na ce ko ya yi ciwo da kaka? Ya ce ko mura. Na ce bai ba ka wani saƙo a kan tauraro ba? Mutumin ya dube ni ya ce sun yi wata guda suna cin abinci ƙwarya ɗaya, bai taɓa jin ya ambaci wani tauraro ba.

Na dawo na sa aka gaya wa Inna labarin lafiyar da na ƙibar. Na ƙarshen na bar shi a Gaya.